Injin da Ya Ƙi Tashi: Neman Dalili Kafin Kwance Ƙarfe

Ba a faye samun injin da ya ƙi tashi haka kawai ba. Kowane inji mai shan fetur yana bukatar abu uku kafin ya kama: mai da aka gauraya da iska, matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta wanda ya zo a daidai lokacinsa. Idan ya ƙi tashi, to ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace. Aikin mai abin hawa shi ne ya gano wanne ne, ya fara daga abu mai sauƙi kafin mai wuya, gama yawancin asarar kuɗi da ɓarnar inji daga canke take tasowa.

Za a ɗauki misali da tsohuwar Vespa, wadda kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta kuma zama abin hawan malamai da akawuna a garuruwan Arewa. Injinta mai bugu biyu ne, watau fistin yakan hau ya sauka sau ɗaya a sami fashewa ɗaya. Saboda ƙarancin kayan cikinsa, laifinsa ba ya da wurin ɓuya da yawa.

Da mai ake farawa. A duba tanki, a duba makunnin mai ko yana buɗe, ko kuwa man ya sauka har sai an juya shi zuwa na ajiya. Sa'an nan a taka kik sau huɗu ko biyar, a kwance fulogi, domin shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In an same shi a bushe ƙayau, mai bai iso ba, sai a nemi toshewa a tiyo ko a ƴar ƙofar man kafireta, wadda ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe ta. In kuwa ya jiƙe sharkaf yana warin fetur, mai ya yi yawa, abin da makanikai ke kira obafulo. Maganinsa a rufe mai, a mai da cok, a buɗe totur duka, a taka kik sau da yawa fulogi na waje, sa'an nan a shanya shi a mayar. Ƙurar hunturu takan cika matatar iska ta jawo wannan, haka ma yawan baƙin mai. Yawancin waɗannan injuna kashi 2 cikin 100 suke so, watau mililita 20 a kowace lita ta fetur.

Na biyu wuta. A sa fulogin a hularsa, a jingina gindinsa da ƙarfen inji nesa da ramin da ya fito, don kada tururin fetur ya kama, a taka kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara alama ce ta lafiya. Ja mai rauni, ko rashinsa ɗungum, yana nuni ga fulogin kansa, ko wayarsa, ko kwayil, ko kwantak da kwandansa. Tazarar bakin fulogi wajen milimita 0.6 ce, ta kwantak kuwa tsakanin 0.3 da 0.5. Tsohuwar Vespa daga maganaɗisun da ke cikin fankar inji take samun wutarta, don haka zargin batir a nan ɓata lokaci ne. Akwai kuma laifi mai ruɗarwa: wani ɗan makullin ƙarfe ke riƙe fankar a mazauninta, in ya karye sai ta goce. Wuta tana nan, mai yana nan, amma tartsatsin yana zuwa ba a kan lokaci ba, inji ya yi ta tari yana harbin ƙafa.

Na uku matsi. Idan kik ya sauka salalo ba ya turjiya, a toshe ramin fulogi da babban yatsa a taka. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. In bai yi ba, zoben fistin ya cinye, ko iska na zurarewa ta wani wuri. A nan ne kaɗai kwance inji ya zama dole, nan ne kuma aikin makanike ya fara.

Vespar da ake ƙerawa yanzu mai bugu huɗu ce, na'ura ke fesa mata mai, kuma ta dogara ga batir kamar mota. A irinta da batir ake farawa, wanda cikakkensa ke nuna wajen bolt 12.6, tare da tabbatar da an matse birki kafin a danna madannin tayarwa. Amma tambayoyin nan uku ba su sake ba. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko bai gyara da hannunsa ba, zai isa gareji ya san abin da zai ce, ba kuma zai biya kuɗin fistin ba alhali ciwon na fulogi ne.