Pikachu: asali da halayen "ɓeran lantarki" da ke kan hajarmu

Duk wanda ke zaga kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magariya da Maigatari, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wata ƴar dabba rawaya mai jan kumatu da dogayen kunnuwa ba. Tana kan jakunkunan ƴan makaranta, da riguna, da silifa, da gorar ruwa, da ƴan katuttukan da yara ke tarawa. Yaro na ganinta sai ya kira sunanta, amma sau da yawa mai rumfar da ya saro kayan bai san ko mece ce ba, kuma in uban yaro ya tambaye shi ma'anar hoton sai ya yi shiru. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa a wannan karo muka ga ya dace mu kawo wa ƴan uwa ƴan kasuwa bayanin wannan halitta da ake kira Pikachu.

Daga ina ya fito?

Da farko dai mu sani babu Pikachu a kowane daji na duniya. Ƙirƙirarsa aka yi a ƙasar Japan domin wani wasan kwamfuta mai suna Pokémon, wanda kamfanin Game Freak ya shirya, kamfanin Nintendo kuma ya fitar ranar 27 ga Fabrairun 1996 a kan ƴar na'urar hannu ta Game Boy. Wanda ya kawo tunanin wasan, Satoshi Tajiri, mutum ne da ya tashi yana kamun ƙwari yana tarawa a lokacin ƙuruciyarsa, sai ya so yaran birni su ɗanɗana irin wannan daɗi. A wasan farko halittu 151 ne, Pikachu shi ne na 25 a jeri. Yau yawansu ya haura 1,000, amma har yanzu babu wanda ya kamo shi suna. Wata mai zane, Atsuko Nishida, ita ce ta fara zana shi, kuma ta bayyana cewa kurege ta duba wajen yi masa kumatu, duk da cewa a cikin wasan ana lissafa shi a jinsin ɓeraye.

Sunan ma daga harshen Japananci ya fito: "pika" kalma ce da suke kwatanta walƙiyar haske da ita, "chu" kuwa kukan ɓera ne. Shi kuma Pokémon taƙaitawa ce ta kalmomi biyu na Ingilishi masu nufin dodannin aljihu, wato halittun da ake kamawa a sa cikin wata ƴar ƙwallo a jefa aljihu.

Siffarsa

Bisa bayanin da wasan ya bayar, tsayin Pikachu santimita 40 ne, nauyinsa kilo 6. Jikinsa rawaya ne, kan kunnuwansa baƙi, yana da zane biyu ruwan ƙasa a gadon baya, gindin wutsiyarsa ma ruwan ƙasa ne. Wutsiyar a lanƙwashe take kamar zanen walƙiya, kuma babu baƙi a ƙarshenta, ko da yake mutane da yawa suna zaton akwai. Tun daga wasannin da suka fito a 2006 aka bambanta mace da namiji: ƙarshen wutsiyar macen yana da ɗan tsagu mai kama da zanen zuciya. Jajayen da'irorin nan biyu na kumatu su ne rumbunsa, a nan yake tara wutar lantarkin da yake kare kansa da ita.

Halinsa da labaran da ake ba da wa

Masu wasan sun tsara masa ɗabi'u kamar dabbar gaske. An ce yana cika rumbun wutarsa ne lokacin da yake barci. Yakan ɗaga wutsiya sama don ya ji abin da ke kewaye da shi, wani lokaci har aradu ta faɗa mata a haka. In ya sami ƴaƴan itace masu tauri, sai ya gasa su da wutarsa kafin ya ci. In kuma suka taru da yawa wuri ɗaya, wutarsu na iya haddasa hadari da tsawa. A wasan farko ana samunsa a wani daji mai suna Viridian, amma ba kasafai yake fitowa ba, sai mai haƙurin nema. Idan aka taɓa shi da wani dutse da ake kira dutsen aradu, sai ya rikiɗe ya zama Raichu, wanda ya fi shi girma da ƙarfi. A 1999 aka ƙara masa ƙaramin da yake fitowa daga gare shi, wato Pichu.

Abin da ya ɗaukaka shi a duniya shi ne fim ɗin zane na talabijin da aka soma nunawa a Japan a Afrilun 1997. A ciki wani yaro, Ash, ya makara ranar rabon halittu, sai ya tarar saura wani Pikachu mai taurin kai, wanda ya ƙi shiga ƙwallo, ya kuma riƙa jan yaron da wuta. Sai da ya ga yaron ya tare masa farmakin tsuntsaye da jikinsa sannan ya amince da shi. Wannan abota aka ci gaba da nunawa har 2023, lokacin da aka rufe labarin su biyun.

Ce-ce-ku-ce

Tarihin nasa bai rasa ƙura ba. Ranar 16 ga Disamban 1997 an nuna wani kashi na fim ɗin mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti a Japan, wasu da jiri, wasu da farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu, aka kuma kafa ƙa'idoji kan walƙiyar haske a talabijin.

A Maris na 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta hana wasan da katuttukansa, tana mai kafa hujja da cewa akwai kama da caca a yadda yara ke cinye wa juna kati, da batun rikiɗar halittu, da wasu alamomi da ke jikin katin. A lokacin ne kuma jita-jita ta bazu cewa sunan yana nufin "ni Bayahude ne". Wannan magana ba ta da tushe, domin ma'anar sunan ita ce wadda muka kawo a sama. Hukuncin halasci ko haramci na malamai ne, amma bai kamata mu ɗora wa kalma fassarar da ba tata ba.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Hoton Pikachu mallakar kamfanoni ne, kuma kayan da aka yi da izininsu suna ɗauke da sunayen Nintendo, Creatures da Game Freak a jikin takarda ko kwali. Kayan da suka zo ba suna, ba adireshin masana'anta, fenti na goguwa a hannu, mai saro su ya san abin da ya ɗauko, kuma araha ba ta ado. Gaskiyar ciniki ita ce kada a sayar wa mutum jabu da sunan na asali. A kuma kula da kayan wasa masu ƴan ƙananan batura masu kama da maɓalli, domin in ƙaramin yaro ya haɗiye ɗaya tana iya ƙona masa maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Wanda murfin batirinsa ba ya da kusa, bai dace da hannun ƙaramin yaro ba.

Sai batun kati. Gaskiya ne a 2021 wani Ba'amurke, Logan Paul, ya mallaki wani katin Pikachu a kan dalar Amurka sama da miliyan 5. Amma wannan kati ne da aka buga ƴan kaɗan a ƙarshen shekarun 1990 don ba da kyauta ga waɗanda suka ci gasar zane a Japan. Katin da ke zuwa mana dami-dami a leda ba shi da wannan daraja, don haka kada wani ya ruɗe mu da labarin miliyoyi a waya ya karɓe mana jari. Haka kuma idan muka ga yara sun mayar da katin abin sa kuɗi a bayan rumfa, haƙƙinmu ne mu tsawata, ko da kuwa mu muka sayar musu.

Iyaye suna da ikon su saya ko su bari. Namu shi ne in sun tambaya mu faɗa musu gaskiya: zane ne daga Japan, ga ma'anar sunansa, ga abin da aka ce a kansa, ga kuma ingancin kayan da ke hannunmu. Mai sayen da aka faɗa wa gaskiya yau shi ne zai dawo ranar kasuwa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.