Yadda Jirgin Ruwa Ke Hawan Tudu

Ruwa ba ya hawan tudu, amma masu haƙa hanyoyin jiragen ruwa sun samo dabarar hawar da jirgi. Dabarar ita ce ɗakin ruwa, wato wani dogon gurbi mai bango biyu da ƙofa a kowane ƙarshe.

Idan jirgi ya taho daga gangare, sai ya shiga ɗakin a rufe ƙofar bayansa. Daga nan a buɗe 'yan kafofi ta wajen ƙofar sama, ruwa ya kwararo ya ɗaga jirgin sannu a hankali. Ƙofar sama ba ta buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita, domin nauyin ruwa ne ke danne ta.

A shekarar 984 wani ma'aikacin gwamnatin ƙasar Sin, Qiao Weiyue, ya gina irin wannan ɗaki. Hanyar Erie ta Amurka kuwa, da aka buɗe a 1825, ɗakuna 83 aka yi mata.

Sai dai duk jirgin da ya wuce, ruwa cikin ɗaki guda ya gangara ke nan. Saboda haka wajibi ne a tanadi tafki a can sama, domin in ya ƙafe jirage sun tsaya.