Canjin Wurin Aiki Da Takardar Shaidar Asali

Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Nijeriya jihohi 12, shida daga cikinsu a tsohuwar Jihar Arewa. A 1968 aka rarraba ma'aikatan da ke Kaduna, kowa ya ɗaura kaya ya nufi jiharsa. Kafin wannan lokaci ba abin mamaki ba ne a ga ɗan Kabba yana akawu a Katsina, ko malamin asibiti ɗan Barno a Sakkwato, gama takarda guda daga Kaduna ta isa ta ɗauke ma'aikaci daga wannan lardi zuwa wancan.

An sake yanka jihohi a 1976, 1987, 1991 da 1996, har suka kai 36. Kowane karo sai filin da ma'aikacin jiha ke zagayawa ya ƙara tsukewa, aka wayi gari takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma tana neman fin takardar ilmi daraja. A jihohi da dama, wanda ba ɗan jiha ba sai dai aikin kwantiragi, ko da a nan aka binne cibiyarsa. A 2011 ma Gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikata 'yan wasu jihohi, ta ce su koma gida.

Hasarar kuwa a kan talaka take faɗawa. Makarantar ƙauye ta rasa malamin lissafi, alhali ga mai digiri a wannan fanni yana zaman kashe wando a jihar maƙwabta. Ga shi kuwa sashe na 15 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma nauyin sauƙaƙa zirga-zirgar jama'a, da tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama ko'ina.

Shirin bautar ƙasa da aka kafa a 1973 yana kai matasa jihohin da ba nasu ba, amma shekara guda ce kawai, galibi sai su juya. Dokar fansho ta 2004 ta ɗan rage wani ƙulli, domin asusun ajiyar ma'aikaci yana bin sa duk inda ya koma aiki. Sai dai ma'aikacin jiha ba ya cin moriyarta sai majalisar jiharsa ta yi tata dokar, wasu jihohin kuwa sun yi dokar amma sun daɗe ba su zuba kuɗin ba.