Layin Neman Iznin Zama A Amurka: Ƙwararru Na Tsufa Suna Jira

A farkon kowace shekarar kuɗi ta ƙasar Amurka, watau ran 1 ga watan Oktoba, gwamnati takan buɗe sabon kaso na iznin zama na dindindin domin ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙasashen waje. Wannan izni shi ne ake yi wa laƙabi da koren kati. Likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan jinya da masana aikin kwamfuta, daga Indiya da Sin da Filifin da Nijeriya, duk shi suke hanƙoron samu, domin shi ne ke bai wa baƙo damar ya zauna, ya yi aikin da ya ga dama, ba tare da fargabar a ce ya tattara nasa ya nasa ba. To, amma tsakanin nema da samu akwai layi, layin da wani zai shiga yana saurayi ya fito da furfura.

Asalin layin

Doka ce ta haifi wannan layi. A shekarar 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta soke tsohon tsarin da ke fifita mutanen arewaci da yammacin Turai, aka sa wa ƙasashe iyaka iri ɗaya. A shekarar 1990 kuma, zamanin Shugaba George Bush babba, Majalisar Dokoki ta ɗaga yawan iznin da ake bai wa ma'aikata daga 54,000 zuwa 140,000 a shekara. Tun daga wannan lokaci ba a sāke taɓa adadin ba, alhali kuwa a cikin shekarun nan ne intanet ta game duniya, kamfanoni suka shiga neman masana ido rufe.

Har ila yau, ba ma'aikata kaɗai ke cin wannan kaso ba. Matar ma'aikaci ko mijin ma'aikaciya, da kowane ɗa da ke ƙasa da shekara 21, duk ana ƙidaya su a ciki. Ashe ke nan magidanci mai 'ya'ya biyu gurbi huɗu zai cinye.

An raba kason gida biyar. Rukunai uku na farko kowane yana da wajen gurbi 40,000: na ɗaya domin gwanaye da suka yi fice da manyan manajoji, na biyu domin masu babban digiri, na uku domin masu digirin farko da sauran masu sana'a. Ragowar biyun na masu aikin addini ne da makamantansu, da kuma attajirai masu zuba jari.

Kashi bakwai cikin ɗari

Ga inda gizo ke saƙar. Doka ta ce kada 'yan ƙasa ɗaya su wuce kashi 7 cikin ɗari na abin da ake rabawa, watau kimanin gurbi 9,800 daga cikin 140,000 ɗin nan, sai fa idan an samu ragowar da wasu ba su ɗauka ba. Indiya mai mutane fiye da biliyan 1.4 da tsibirin Iceland wanda mutanensa ba su kai rabin miliyan ba, mudunsu ɗaya. Kuma ƙasar da aka haifi mutum ake dubawa, ko da ya daɗe da karɓar fasfon wata ƙasa.

A gefe guda kuwa akwai bizar aiki ta wucin gadi mai suna H-1B, wadda ake bayar da sababbi 85,000 kowace shekara, ita kuma ba ta da iyakar ƙasa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu samunta Indiyawa ne. Ƙofar shiga zauren tana da faɗi, ta shiga cikin gida kuwa ƙanƙanuwa ce, don haka jama'a suka taru a zaure.

A ɗauki misali da injiniyoyi biyu a kamfani ɗaya, takardunsu ɗaya, an nema musu izni rana ɗaya. Wanda aka haifa a Legas yana iya samu cikin 'yan shekaru kaɗan. Wanda aka haifa a Haidarabad ta Indiya kuwa sai dai ya nemi tabarma. A ƙarshen shekarar 2024, Indiyawan da layi ya iso kansu a rukuni na biyu da na uku su ne waɗanda suka shiga tun 2012. Cibiyar bincike ta Cato da ke Washington ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.8 ke jira, miliyan 1.1 daga cikinsu Indiyawa, ta kuma ce Ba'indiyen da ya shiga layin a lokacin zai iya jiran shekara 134 muddin doka ba ta sāke ba.

Yadda ake shiga

Galibi mai ba da aiki ne ke fara nema. Da fari zai gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago cewa ya yi cigiyar Ba'amurken da ya dace da aikin bai samu ba, kuma zai biya albashin da aka saba biya. Ranar da aka shigar da wannan takarda ita ce lambar mutum a layi. Daga nan sai a kai buƙata ga hukumar shige da fice. Bayan ta amince, sai jira. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Waje takan fitar da jadawali mai nuna ranar da layi ya kai ga kowace ƙasa da kowane rukuni. Wani watan ranar ta matsa gaba da mako biyu, wani watan ta tsaya cik, wani lokaci ma ta koma baya da shekaru idan masu nema sun yi wa kason yawa.

Wahalar jira

Bizar H-1B ta shekara shida ce, amma wata doka ta shekarar 2000 ta yarda a riƙa tsawaita ta ga wanda ke cikin layi. Wannan ya hana a kori mutane, sai dai ya ɗaure su a gindin mai gida. Wanda aka sallama daga aiki kwana 60 kacal gare shi ya samu wani mai ɗaukarsa, ko ya koma wata biza, ko ya bar ƙasar, ko da ya sayi gida, 'ya'yansa suna makaranta. An ga haka a 2022 da 2023, sa'ad da manyan kamfanonin kwamfuta suka sallami dubban ma'aikata. Mutumin da ke cikin irin wannan hali ba ya ɗaga murya a kan albashi, kuma da wuya ya ajiye aiki ya kafa nasa kamfanin.

Abin tausayi ya fi yawa ga yara. Yarinyar da aka kawo tana goye, ta girma ba ta san wata ƙasa ba, idan ta cika shekara 21 layi bai iso kan mahaifinta ba, sunanta na iya faɗuwa daga takardarsa. Dokar da aka yi a 2002 domin kare irin waɗannan yara tana rage musu kwanakin da hukuma ta ɓata wajen duba takarda, amma ba ta shafe shekarun layi ba.

Ina ruwan 'yan Nijeriya?

Da ruwanmu. 'Yan Nijeriya suna cikin babban layin sauran ƙasashen duniya, wanda ya daɗe ba shi da cunkoso. Amma daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 shi ma ya cika, aka sa masa ranar tsayawa, abin ya taɓa ma'aikatan jinya da asibitocin Amurka suka riga suka ɗauka. Tun daga zagayen 2015 kuma an cire Nijeriya daga cacar biza saboda yawan 'ya'yanta da suka riga suka shiga. A farkon 2020 Shugaba Trump ya dakatar da bai wa 'yan Nijeriya bizar ƙaura, Shugaba Biden ya ɗage a Janairun 2021, sa'an nan a Disamban 2025 Trump ya sāke sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Watau ko layi ya iso kan mutum, sa hannu ɗaya na iya rufe ƙofa.

Akwai kuma batun soke iyakar kashi 7 ɗin. Majalisar Wakilai ta amince da hakan a 2019, ta Dattawa ta amince da nata tsarin a ƙarshen 2020, amma ba su daidaita ba har wa'adinsu ya ƙare. Indiyawa na ganin adalci ne a bi layi ɗaya, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Amma in an yi haka ba tare da ƙara yawan guraben ba, ɗan Nijeriya da ɗan Ghana za su koma bayan mutanen da suka shiga shekara goma da suka wuce.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙane da ya ƙudura wannan tafiya, ka ce ya tambayi abu uku kafin a sayar da gona ko fili: wane rukuni zai shiga, ina layin ya tsaya a jadawalin wannan watan, kuma shekarun 'ya'yansa nawa. Wanda duk ya ce masa yana da hanyar tsallake layi idan an ba shi kuɗi, to, ɗan damfara ne.