Sana'ar Ba Da Labari Da Zane

Duk wanda muke aji ɗaya da shi ya san ni da abu guda, watau zane. Wasu ma sun bar kirana da sunana, sai dai Mai Fensir. Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai sun ɗauki abin wasa ne, wasu iyaye kuwa suna ganinsa ɓata lokaci da ɓarnar takarda. Shi ya sa da aka ce mu kawo rubutu domin mujallar makarantarmu ta bana, na ga ya kamata in yi bayanin wannan aiki, yadda ake yinsa da amfanin da ke cikinsa, domin ita ce sana'ar da nake roƙon Allah ya ciyar da ni da ita.

Ni mutumin Karare ne, a yammacin Jihar Katsina, wajen Batsari da Safana. Na fara zane tun ina ƙarami, da tsinke a kan rairayi. Daga nan na koma gawayi a jikin katangar gidanmu, har na sha bulala a kai. Abin da ya fara jan hankalina shi ne manyan motocin da ke zuwa ɗaukar kaya ranar kasuwar Batsari, waɗanda aka zane bayansu da zaki ko gaggafa ko itacen dabino. Da na shiga makaranta kuma sai na ci karo da littafin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Tun ban gama iya haɗa baƙi ba hotunan cikinsa suka riƙa gaya mini abin da ke faruwa. A nan na fara gane cewa da zane ma ana magana.

Kada wani ya zaci zane baƙon abu ne a ƙasar Hausa. A Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai duwatsu masu zanen shanu da mutanen da suka yi tun ɗaruruwan shekaru. Maginan Kano da Zariya sun shahara da ƙawata fuskar soro da dagi. Maɗinkin babbar riga sai ya zana aska takwas ko aska biyu a kan yadi kafin ya sa allura. Haka mai sassaƙa ƙwarya, da mai ƙunshin lalle, da malamin da ke yi wa allo zayyana ranar saukar karatu. Duk waɗannan masu zane ne, kuma ba wanda ya ce da su 'yan wasa.

To, irin zanen da nake koyo shi ne na ba da labari. Ana raba shafi gida-gida, kamar gidajen dara, a zana wani yanki na labarin cikin kowane gida. Maganar mutum ana rubuta ta cikin da'ira mai ɗan wutsiya da ke nuna bakinsa, tunaninsa kuwa cikin wani abu mai kama da gajimare. Mai karatu yana bi daga hagu zuwa dama kamar rubutun boko. A ƙasar Jafan, inda wannan sana'a ta bunƙasa ƙwarai, daga dama ake farawa, kamar yadda muke karanta ajami.

Ga yadda nake bin aikin. Da farko sai labari, domin in babu labari to ado kawai aka yi. Nakan rubuta shi a taƙaice, in ƙidaya gida nawa zai ci. Na biyu, in ja layukan gidajen da rula, in yi zanen gwaji da fensir ba tare da dannawa ba. Fensir ma iri-iri ne. Mai alamar H yana da tauri, zanensa fari-fari, mai alamar B kuwa laushi gare shi, zanensa baƙi, shi kuma HB da muke rubutu da shi yana tsakani. Na uku, in rubuta maganganun tun kafin in kewaye su, don kada wuri ya ƙare a tsakiyar kalma. Na huɗu, in bi kan fensirin da tawada, in jira ta bushe, sannan in share fensirin da magogi. Da yake alƙaluman zane na kanti suna da tsada, ni da alƙalamin gamba da tawadar allo nake aiki, kuma suna fitar da layi mai kauri da siriri yadda nake so.

Akwai kuma ƙa'idodi da dole a kiyaye. Alal misali, tsawon babban mutum ya kai kamar tsawon kansa sau bakwai da rabi, amma ƙaramin yaro kansa ya fi girma in an gwada da jikinsa. Wanda bai san wannan ba sai ya zana dattijo ya fito kamar jariri mai gemu. Abin da ke nesa ana ƙanƙanta shi. Ku tsaya a tsakiyar hanya miƙaƙƙiya ku duba, za ku ga gefenta biyu kamar sun haɗe a can ƙarshe. Sai kuma inuwa, wadda dole ta faɗi ɓangare guda, nesa da inda rana take. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hannu, da kuma zana fuskar mutum ɗaya sau ashirin ba ta sauya kama ba. Maganin wannan kuwa kallo ne da maimaitawa. Saboda haka ranar kasuwa nakan sami gindin itace in zauna, in yi ta zana mai awo, da Bafillatana mai tallan nono, da jaki da mangala.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na daina ɗaukar zane da wasa. A daminar bara gudawa ta kama ƙanena. Ma'aikacin asibiti ya yi wa mahaifiyata bayanin ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Kakarmu ce ke zama da yaron in an tafi gona, ita kuwa ba ta karatun boko, kuma takan rikita wanne ne shida wanne ne rabi. Sai na zana mata gida huɗu a bayan kwali: wanke hannu, gorar ruwa, cokula shida kusa da rake da rabin cokali kusa da ƙullin gishiri, sannan yaro yana sha. Da na nuna wa ma'aikacin sai ya ce, "Yaro, aikinka ya yi kyau, amma ka tula cokulan. A shafe ake aunawa. In gishiri ya yi yawa cutar da yaron zai yi." Jikina ya yi sanyi. Na je na sake zanen, Kaka ta rataye shi a ƙusa, har maƙwabta suka riƙa zuwa dubawa. Ran nan na san cewa layi ɗaya in ya karkace yana iya jawo ɓarna, kamar dai kalma a bakin mai fassara. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to ashe wanda ke nuna wa mutane abin gani amana ce ya ɗauka.

Kafin wannan, Baba ya taɓa samun littafin lissafina cike da hotuna, ya ce ba don wannan yake sayar da hatsinsa yana saya mini takarda ba. Gaskiya ce ya faɗa, ban kuwa musa ba. Bayan ya ga kwalin Kaka sai ya kira ni zaure ya ce, "Na yarda ka yi, amma da sharaɗi biyu. Kada ka sake taɓa littafin karatu, kuma kada ka zana wani don ka ci mutuncinsa." Game da zanen abu mai rai kuma ya tura ni wurin malaminmu na allo. Malam ya ce babu saɓani a kan zanen itatuwa da gidaje da taswira, amma malamai sun yi magana mai tsawo a kan masu rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta in don koyarwa ne. Wannan fage ne na malamai, kowa ya tambayi nasa.

Wani zai ce, to ina abinci a ciki? Akwai shi, ko da yake ba a samunsa a kwance. Littattafan firamare da na kimiyya suna bukatar mai zane, haka bangon littattafan Hausa, da allunan shaguna, da takardun faɗakarwa na asibiti da na aikin gona. A jaridu akwai zanen barkwanci. Akinola Lasekan ya yi suna da shi a jaridar West African Pilot a shekarun 1940 da 1950, lokacin neman 'yancin kai, kuma daga Arewa an san Mustapha Bulama da zanensa a jaridar Daily Trust. A Legas an kafa kamfanin Comic Republic a 2013, wanda ke fitar da labaran zane na jarumai 'yan Afirka ta intanet. Wajen karatu kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen koyar da zane, kuma a garin ne wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Amma fa ba a shiga jami'a da fensir kaɗai, sai an ci jarrabawa kamar kowa. Shi ya sa yanzu nake ba lissafi da Turanci haƙƙinsu.

Burina shi ne in mayar da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi labarin zane da Hausa, in kuma zana rayuwar mutanenmu na bakin Dajin Rugu, da nomansu da kiwonsu da wahalar rashin tsaro da suka sha, yadda wanda bai taɓa zuwa ba zai gani da idonsa.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro yana zane kada ku yi saurin yaga takardar. Ku duba abin da ya zana, ku sa masa ƙa'ida kamar yadda Baba ya sa mini, ku saya masa littafi guda na musamman. Ku kuma 'yan'uwana masu sha'awa, ku zo mu riƙa haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar, kowa da fensirinsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin.