Binciken hanji da kyamara: ciwon kafaɗar hagu bayan gwaji ba abin rainawa ba ne

Koloskopi gwaji ne da likita ke zura siririn bututu mai kyamara ta dubura don duba cikin babban hanji. Da shi ake gano dalilin zubar jini a bayan gida, ake kuma cire ƙananan tsiro kafin su rikiɗe su zama kansa. Galibin mutane suna komawa gida a ranar lafiya ƙalau. Sai dai akwai wata matsala da ba kasafai take aukuwa ba, wadda ba ta kai mutum 1 cikin 1.000 ba: raunin saifa.

Saifa tana sama a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda babban hanji ke lanƙwasa. Wata jijiya ce ke haɗa su. Idan bututun ya ja hanjin da ƙarfi a wannan kwana, fatar saifa na iya yagewa, jini ya riƙa zuba a ciki ba tare da an gani ba.

Alamun sukan bayyana cikin awa 24, wani lokaci bayan ƴan kwanaki: ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ciwon kafaɗar hagu, jiri, bugun zuciya da sauri, faɗuwar tansiyo ko suma. Kumburin iska bayan gwajin yana raguwa da kansa, shi kuwa wannan ciwon ƙaruwa yake. Wanda ya ji haka ya koma asibiti nan take, ya faɗi cewa an yi masa koloskopi. Hoton sikana ne ke tabbatar da raunin.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka taɓa yi wa fiɗa a ciki, mai shan maganin tsinka jini, ko mai kumburin saifa, abin da yawan masassarar cizon sauro ke haddasawa a yankinmu. Ya kamata a sanar da likita waɗannan tun kafin gwajin.

Ƙaramin rauni kan warke da hutu a asibiti, wani lokaci da ƙarin jini. Idan jinin bai tsaya ba, sai a cire saifar. Ana rayuwa ba tare da ita ba, amma sai da allurar rigakafin sanƙarau da ciwon huhu, da kwana cikin gidan sauro, domin masassara ta fi tsanani ga marar saifa.