UWARGIDA, MIYAR BAZARA TUN KAKA AKE HAƊA TA

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, an rore wake. Yanzu kowace tukunya a Bawdeta tana da daɗi. To, amma ki tuna da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ganye ya ƙone, wake ya yi tsada a kasuwar Tasawa da ta Mayahi. A lokacin nan ne yara suke ramewa. Mun gani a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004: yaran jihar Maraɗi sun sha wuya ƙwarai. Tuwo yana cika ciki, amma miya ce take gina jiki. Saboda haka ki tanadi kayanta tun yau.

GANYE

Ki tsinko kuka, da zogale, da yakuwa, da tafasa, tun suna ɗanye. Ki wanke, ki baza bisa tabarma mai tsabta a cikin inuwa. Kada ki shanya a rana, don rana tana cinye amfanin ganye. In kin murza ya ruguje, ya bushe ke nan. Ki zuba a tulu, ki rufe bakinsa sosai.

DAUDAWAR BATSO

Dunƙulen kanti sai da kuɗi, gurguzu kuwa a gonarki yake. Ki sheƙe tiya guda, ki wanke. Ki dafa tun da safe har dare, kina ƙara ruwa, sai ƙwaya ta murzu a yatsa. Ki tsane, ki rufe a tukunya kwana 2. Sa'an nan ki kirɓa da ɗan ruwan toka, ki sake rufewa kwana 2. Daga nan sai ki dunƙula, ki shanya. Ita daudawa rana take so, har ta bushe ƙarau. Za ta kai ki damina.

MIYAR WAKE DA ZOGALE

Ki surfa wake gwangwani 2, ki wanke dusar. Ki dafa da kanwa ƴar kaɗan har ya nuna luguf. Ki daka daudawa da gabu, ki zuba, ki sa mai ludayi guda da gishiri mai ayodin. Ki burge da maburgi har waken ya narke. Garin zogale shi ne na ƙarshe: cokali 3, tafasa ɗaya, ki sauke. Kafin ki sa barkono, ki ɗebar wa ƙaramin yaro nasa. Daga wata 6 yana iya sha, tare da nono.

KWAƊO

Ki jiƙa busasshen zogale ko tafasa, ki dafa, ki matse ruwan. Ki daka ƙuli-ƙuli, ki dama shi da kauri, ki sa albasa da gishiri da yaji, ki cakuɗa. Gyaɗar da ta yi funfuna kada ta shiga ƙuli-ƙuli. Gubarta tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

KAI KUMA MAIGIDA

Kada ka kwashe wake duka ka kai kasuwa. Abin da ka sayar da araha da kaka, shi za ka sayo da tsada da bazara. Ka ware na miya. Ka zuba shi busasshe a buhun PICS mai ninki uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ka ɗaure kowane ninki dabam. Iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu, ba sai ka sa magani ba. In kana sassabe, ka bar ƴan kuka su girma, miyar jikokinka ce.

Ke da kika iya karatu, ki karanta wa maƙwabciyarki wannan a bakin turmi. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.